Kunnen Dama

Shekara goma sha tara na yi ina niƙa a bakin kasuwar Gure, ban taɓa toshe kunne ba. Masu cusa auduga dariya nake yi musu, in kira su ragwaye. A ganina kunne ma yana yin kanta kamar tafin hannu. Ina da hujja kuwa: in na tayar da inji da safe, ƙarar farko ce kawai ke suka ta, nan da nan sai in ji ta ɗan lafa, kamar an turo ƙofa tsakanina da ita. Na ɗauka jarumtata ce.

Wata ranar kasuwa ina tsaye jikin kamyon gero, wata babbar mota da ta zo daga Kelle, ina musu da direba a kan inda zai sauke buhuna, sai taya ta fashe ta haguna. Tau! Shi ke nan. Kwana uku kunnen yana ƙugi, ina ce wa matata zai buɗe. Bai buɗe ba.

Ita ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Majon da ya duba ni, wato babban malamin jinya, mutumin Tawa ne, mai sanyin magana. Ni kuwa a fusace nake, na kwashe labarin inji da ƙofar da nake ji ana turowa na faɗa masa.

Na ce, "Malam, kunnen da ya jure inji shekara da shekaru, taya guda ce za ta kayar da shi?"

Ya ce, "Alhaji, ƙofar nan da kake ji gaskiya ce. Wata ƴar tsoka ce can ciki, in ƙara ta yi yawa sai ta ɗaure ta rage mata ƙarfi. Amma sai ƙarar ta ɗan jima take ankara. Ƙarar tayar nan ta shige tun kafin tsokar ta motsa."

"To ai inji ba ya cutar da ni ke nan."

"Wa ya ce? In ƙara ta daɗe, gajiya take yi ta saki. Kai wuni kake yi, ita ba ta iyawa. Na daman ma ya fara bin ɗan'uwansa."

Ya ce in nemi matoshin kunne na roba. Na ce to, a raina kuwa ina cewa Allah ya kiyaye a gan ni da su.

Mahaifiyata a gidana take, tsufa ya cinye mata murya, kuma ba ta yarda kowa ya tayar da ita zaune sai ni. Da la'asar ɗin ranar ina zaune a ƙofar ɗakinta, haguna wajenta, ina ta ba matata labarin majo ina kwaikwayon maganarsa. Da na leƙa na tarar ta zame daga filo, tana kallon kofin ruwa.

Ta ce, "Sau huɗu na kira ka."

Kunya da tsoro suka rufe ni, na tayar da ita zaune na ba ta ruwan.

Washegari na shiga wurin inji da roba a kunne. Waɗanda na yi wa dariya sun rama, har da tafi, kuma na bar su. Kunne guda ya rage mini, ba kuwa na inji ba ne. Yanzu in na dawo gida, ta wancan gefen ƙofar ɗakin mahaifiyata nake shimfiɗa tabarmata, kunnen dama wajenta.