Zuwan Yaya Bernice Jirgin Wendell

Shekara talatin da ɗaya Wendell Hostetler ya yi yana raba wasiƙu a ƙafa cikin unguwannin Baltimore. Ranar da ya yi ritaya ya ce wa matarsa Lorna shi da tudu sai dai gaisuwa. Suka sayar da gida, suka sayi tsohon jirgin ruwa mai inji, tsawonsa ƙafa talatin da huɗu, suka tare a ciki. Shekara shida ke nan muna maƙwabtaka a tashar da muke ɗaure jirage a bakin ruwan Chesapeake. In Lorna ta soya albasa, a jirgina ake fara jin ƙamshi.

Wendell mutum ne mai son jama'a, illarsa ɗaya ce: takarda. Duk ɗan uwan da zai kawo musu ziyara sai ya aika masa da dokoki shafi biyu. Ba a zuwa da akwati mai tauri, don babu wurin ajiye shi. Wanka minti biyu. Famfon bayan gida bugu goma sha biyar, kuma yana iya jiyowa daga sama yana ƙirgawa. Mijin 'yarsa kwana biyu ya yi, ya ce bayansa na ciwo, ya koma otal. Mu dai Kyaftin muke ce masa, shi kuwa ko kaɗan bai taɓa ɗaukar abin a matsayin tsokana ba.

Bara da zafi yayarsa Bernice ta zo daga Nebraska. Ta ba shi shekara tara, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma duk rayuwarta a gonar masara ta yi. Mijinta Orval bai fi wata huɗu da rasuwa ba, shi ya sa Lorna ta matsa mata ta zo ta sha iska ko na kwana biyar. Sau biyu Wendell ya aika mata da takardar.

Ina zaune a jirgina na hango ta a kan gadar katakon da muke ɗaure jirage, doguwar tsohuwa da riga mai furanni, tana jan manyan akwatuna biyu masu tauri kamar firij.

"Yaya, ba ki ga takardata ba ne?"

"Na gani mana, Auta. Rubutunka ya gyaru sosai. Karɓi wannan, naman sa ne a ciki, kada ka yar."

Duk gadar sai da ta ji Autan nan. Wendell ya gyara hularsa ta kyaftin ya sunkuci akwati.

Washegari muka fita da jirage biyu, za mu wani rafi kamun ƙaguwa. Wendell ya tanadar mata maganin jiri da bokiti, ya ce wadda ba ta taɓa ganin teku ba dole cikinta ya juya. Bernice ta zauna a baya tana cin burodi da nama, tana tambaya ko ruwan ke nan ko akwai saura. Shi kuwa sai bayani yake zubawa, wannan alama ja ce, waccan kore, ga yadda ake karanta zurfi.

Muna dab da bakin rafin injinsa ya yi tari sau biyu ya mutu. Ruwa na janyewa, yana tura su wajen tudun yashi. Lorna ta yi maza ta saki anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ni kuma na matso na ɗaura jirgina a jikin nasu. Na tarar da Wendell ya buɗe murfin inji, ya baje littafin masu ƙera shi a cinya, gumi na ɗiga a kan shafi.

"Sake tayarwa in ji," in ji Bernice.

"Yaya, don Allah ki zauna. Wannan ba harkar gona ba ce."

"Na ce ka tayar."

Ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani bai kama ba. Ta karkata kai ta saurara, sannan ta leƙa ramin.

"Kai, wannan ai ɗan uwan na tsohuwar taraktarmu ne, fenti kawai aka sake masa. Iska ce ta shiga bututun mai. Yaushe ka canja matatar mai?"

"Shekaranjiya. Da hannuna."

"Na ga alama. Lorna, riƙe mini tabarau. Kai kuma miƙo sifana, ka haska mini tocila."

Mace mai shekara saba'in da huɗu ta tattare riga ta shige ramin da ni kaina sai na yi addu'a nake shiga. Muna jin muryarta daga ƙasa: "Ba fuskata na ce ka haska ba, Auta. Tun kana yaro haka kake riƙe fitila." Ba a yi minti ashirin ba injin ya tashi. Lorna ta juya baya wai tana gyara igiya, kafaɗunta na rawa don dariya.

Da la'asar muka dafa ƙaguwa muka baje jarida a kan tebur. Bernice ta daɗe tana kallon baƙin man da ya maƙale a farcenta, ba ta taɓa abincin ba.

"Tun da Orval ya tafi ban taɓa sifana ba," ta ce. "Ko rumfar tarakta ban iya shiga. Ɗazu da na ji warin man nan, sai na ji kamar zai ce in matsa in ba shi wuri."

Wendell ya matso kusa da ita. Ya fasa ƙaguwa ya cire naman ya tura mata gabanta, ya sake fasa wata. Da muka koma tasha ya kwashe kayansa da na Lorna daga babban gado ya bar wa yayarsa, ya ce dama shi ya fi son kwana a benci saboda iska.

Kwana biyar suka zama sati uku. Labari ya zaga tasha, kullum da safe sai ka ga wani ya zo da kofi biyu yana tambaya ko Yaya ta tashi, wai injinsa na wani irin ƙara. Wendell ya zauna da hularsa yana amsa gaisuwar mutanen da ba wurinsa suka zo ba.

Amma ya samu ya rama. Ya nace sai ya koya mata tuƙi, ranar da ta zo shiga tasha ta nemi birki ta rasa, ta daki gada har kujerar wani ta faɗa ruwa. Ban taɓa ganin mutum yana murna da ƙarjewar fentin jirginsa kamar Wendell ba.

"Yaya, ko in kawo miki tarakta ne?"

"Rufe mini baki ka kama igiya."

Da girbin masara ya matso ta ce za ta koma, 'ya'yanta ba za su iya su kaɗai ba. Wendell ya kai ta filin jirgin sama, ya dawo ya wuni yana goge abin da ba ya buƙatar guga. A watan Nuwamba shi da Lorna suka rufe jirgi suka tafi Nebraska, zuwansa na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Lorna ta ce mini tare suka buɗe rumfar tarakta, shi da yayarsa, suka yi kwana uku suna jera kayan aikin Orval suna musu a kan wanda ya fi iya share ƙasa.