Ƙwan zabin da na kai wa likitan dabbobi

Shekarun baya, 'yan shekaru bayan karyewar darajar kuɗin sefa, ina da saniya guda a turke a gidanmu na Madarumfa, amma ba tawa ba ce. Ta habbanaye ce. Wata ƙawata Bafulatana da ke kawo nono kasuwa ta ba ni ita bisa al'adarsu: in kiwata ta, ta haihu sau uku, 'ya'yan nawa, uwar ta koma gun mai ita.

Haihuwar fari maraƙi, ta biyu ma maraƙi. Duka biyun suka tafi a sayen hatsin bazara. Saura haihuwa ɗaya. In ba ta ba ni mace ba, turkena ya koma fayau, yarana kuma su yi ban kwana da nono.

A ajin yaƙi da jahilci malamarmu ta ce wani likitan dabbobi zai riƙa zuwa daga Maraɗi, yana sa wa shanu irin bajimin shanun Azawak da allura, ba tare da barbara ba. Maigidana ya ce, "Ke dai kin cika ɗauko magana. Saniyar mutane ce fa." Gaskiyarsa. Na taka har ruga na faɗa wa ƙawata. Ta kalle ni ta ce, "Ƙawa, saniya ta yi ciki ba sa? To in ta lalace me zan ce wa maigida?" Na ce ban sani ba wallahi. Ta yi dariya ta ce, "Je ki gwada. Amma ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba, kaka mai zuwa zan zo in kore ta."

Likita ya ce kar ta bi garke, kar sa ya kusance ta. Haka na ɗaure ta gida, kullum ina bakin tabki da lauje, ciyawa a ka. Maƙwabciyata takan leƙo ta katanga ta ce, "Ina kwanan amaryar allura? Ango bai iso ba?"

Ranar da likitan ya zo da motonsa, wato babur, da wata tukunyar ƙarfe mai fitar da hayaƙin sanyi, na ja shi gefe na miƙa masa ƙwarya cike da ƙwan zabi. Na yi ƙasa da murya na ce, "Malam, don Allah ka duba a ciki ka zaɓo mini mace." Ni a tunanina a jere suke, maza gefe, mata gefe, kamar zaman suna. Bawan Allah ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Inna, ni sakawa ce tawa, zaɓi na Mai sama ne." Ƙwan dai bai mayar mini ba.

Ta ɗauka. Wata tara ban yi barcin kirki ba. Wata safiya ina dama koko sai na ji ƙaramin ɗana na ihu daga turke, "Inna, mace ce! Mace ce!" Ja wur da ita, doguwar ƙafa. Na zauna a ƙasa, ludayi na hannuna, ina ta alhamdu lillahi.

Kwanan nan jikata ta ce mini yanzu ana iya tace irin, a ware na mata tun kafin a saka. Na ce ashe ba wauta na yi ba, sammako na yi.

Abin da ya fi yi mini daɗi ya zo ne shekaru bayan waccan haihuwa. Wata shekara ciwo ya shiga rugar ƙawata ya share musu garke. Na kwance ɗiyar waccan jar karsana, na ja ta da kaina har ƙofar bukkarta, na miƙa mata igiya. Na ce, "Haihuwa uku, ƙawa. Kin fi ni sanin ƙa'ida."