Sukarin da Ubana Ya Share a Dejima

Ubana Yasokichi ɗan dako ne. Shekara talatin da ɗaya yana sauke buhunan sukari daga jiragen 'yan Holan, yana kai su rumbunan Dejima, ɗan tsibirin da ke bakin Nagasaki, har kafaɗarsa ta dama ta karkace.

A wajen 'yan dakon Nagasaki, duk sukarin da ya zube ƙasa na wanda ya share ne. Don haka abokan aikinsa kan caka wa buhu ƙugiya da gangan. Shi bai taɓa yi ba. Sai dai ya bi sawunsu da 'yar tsintsiya, in ya dawo gida ya zauna tankaɗe yashi.

"Kai Yaso, buhun nan surukinka ne da kake jin kunyarsa?" in ji su.

"Ƙugiyata ce ba kaifi," yakan ce, yana dariya.

Da wannan sharar ya sa ni karatu, har na auri magatakarda a ofishin tafintoci. Surukata ta gaya wa danginsu wai ubana mai kula da rumbu ne. Na ji, ban ƙaryata ta ba.

Ranar bikin sunan ɗana na fari, gida ya cika maƙil. Sai ga Baba a ƙofar gaba, da takalmin ciyawa, rungume da ƙulli. Sharar shekara guda ce, ya tankaɗe ta fari fat. Jikansa ya zo gani.

Gwaggon mijina ta dube shi daga sama har ƙasa. "Otsune, wannan fa? Ko ɓatan hanya ya yi?"

"Ɗan dako ne, Gwaggo. Saƙo ya kawo."

Baba ya dube ni sau ɗaya, sannan ya rusuna. "Haka ne, uwargida. Ina zan ajiye?"

"Ta baya, a madafa."

Ya zagaya, ya ajiye, ya tafi. Da sukarin nan aka yi kayan zaƙin da baƙi suka ci suna lashe yatsu, suna cewa gidan nan kam ba rowa. Masu ƙiba da siliki, ba wanda ya taɓa ɗaga ko rabin buhu!

Na daɗe ina ɗora wa surukata laifi. Ƙarya nake. Matar nan tana can ɗaki riƙe da jariri, ba ta ma san ya zo ba. Bakina ne ya faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Ya ƙara shekara shida a duniya. Nakan je ɗakinsa a ɓoye, ni kaɗai, ya dafa mini shayi, ya yi ta hirar jirage da ciwon baya. Zancen ranar nan bai taɓa tayarwa ba, ni ma na kasa. Sau ɗaya kawai, ina ɗaura takalmi zan fita, ya ce, "Yaron nan, da wa ya yi kama?"

"Da kai, Baba. Har kunnuwan."

Ya juya kofi a hannu.

"To, kar ki faɗa a gidan mijinki."