Dakata ya tafi, ana ta buga tsohuwar ƙofa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokin aikina da muke kira Dakata. A kan kujerarsa ya kwantar da kai, shayinsa bai ko huce ba.

Shekara ashirin da biyu teburina na kallon naka, Dakata, a ɗakin nan mai sanyin da ya cinye mana gwiwoyi. Mutane ba su san aikinka ba, har uwargidanka cewa take gyaran kwamfuta kake. Alhali duk mai neman shafi a intanet, na'urarsa sai ta tambayi hanya wurin manyan na'urorin tushe, kuma adireshin ɗaya daga cikinsu ne a hannunka. Da aka sauya shi, tsofaffin na'urori ba su ji labari ba, tsohon gida suke ta zuwa. Tsoronka shi ne a saki gidan, wani ya tare a ciki, ya riƙa nuna wa bayin Allah hanyar da ya ga dama.

Shi ya sa kullum in shugabanmu ya ce a rufe tsohon adireshin, sai ka ce a dakata. Ɗaya bayan ɗaya kake bin masu ƙwanƙwasawa da waya. Ban manta ƙaramin asibitin nan ba, da na'urarsu ke bayan kabad, wanda ya haɗa ta ya bar aiki tun tuni. Kwana uku kana lallashin wata nas, har ta gyara adireshin a na'urar da hannunta. Na ce maka wannan ai wahalar da kai ce, ka ce: "Yaya, wanda ya tashi daga gida bai sallami baƙinsa ba, bai gama tashi ba."

To ga shi ka tashi, ƙanena. Ƙarshen watan nan za a mayar da tsohon adireshin ga masu shi, na'ura arba'in da ɗaya kuma na nan suna tambaya. Takardarka ta sunayen masu na'urorin na gabana. A gefen wani ka rubuta a ɗaga murya, kunnensa da nauyi. Wasu ba ka rubuta komai ba, a kanka suke. Jiya na kira uku, ɗaya ya gyara, biyu suka ce sai dai kai. Na roƙi shugaba ƙarin lokaci, ya ba ni mako biyu. Wallahi tsoro nake ji, ban san wa zai amsa musu ba in ban kai gare su ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa ka amsa tambaya cikin sauƙi. Uwargida da 'ya'ya da 'yan'uwa, Allah ya ba ku haƙuri. In kun ɗaga hannu dominsa, ku sa da ni, saura arba'in.