Minsharin Inna

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna, a cikin watan nan na bayan ƙaramar Sallah. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan dafa abinci in raba wa maƙwabta, in tara yarana mu yi mata addu'a, in shiga ɗaki in yi kukana, in wanke fuska in tafi makaranta. Bana ne kawai na ji dole sai na rubuta. Wata huɗu da suka wuce na san sunan ciwon da Inna ta yi fama da shi rabin rayuwarta, kuma na san shi ne saboda ni ma shi ke jikina.

A Bukkuyum aka haife mu, mu biyar, ni ce ta uku. Sana'ar Inna man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli. Mace ce mai jiki, gajera, mai yawan dariya, kuma duk unguwarmu an san ta da minshari. Nata ba irin na kowa ba ne. Zai yi ta hauhawa, sai ya yanke kwatsam, gida ya yi tsit, can sai ta zabura da wata irin shaƙuwa kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Mu yara dariya abin yake ba mu, har kwaikwayonta muke yi a bayan ɗaki. Da rana kuwa tana cikin magana sai ka ga kanta ya langaɓe. Ta taɓa yin gyangyaɗi a gaban kaskon suya, mai ya tashi mata fatar hannun dama.

An ce dannau ne, an ce iska ce. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, wata Bafulatana mai kawo mana nono ta kawo mata saiwoyi. Wasu kuma suka ce son jiki ne kawai, matar da ke tashi tun kafin assalatu ta hau gyaɗa. Inna ba ta kwana a gidan biki. Ko ina aka je, kafin magariba ta nemi hanyar gida, ta ce awakinta ba su sha ruwa ba. Sai yanzu na gane ba awaki ba ne.

Shekara ɗaya kafin ta rasu na haifi autata a nan Gummi, inda nake aure kuma nake koyarwa. Tiyata aka yi mini, Inna ta ɗauro kayanta ta zo da niyyar sai na yi arba'in. Kafin suna gidan ya cika da dangin mijina, mata, duk aka kwana a falo ɗaya. Washegari ina kwance na jiyo su a madafa suna kwaikwayon minsharinta, suna ƙyaƙyata dariya. Kunya ta rufe ni. Da yamma na kira ta na ce, "Inna, ko za ki riƙa kwana a ɗakin ajiya? Na sa an share, an shimfiɗa tabarma."

Ta dube ni. Ta ce, "To, Rabi. Ba komi."

Kwana huɗu ta yi tsakanin buhunan gero. Washegarin suna ta ce gyaɗarta na jiran ta, ta shiga mota. Ban hana ta ba, har wani sauƙi na ji a raina. Bayan shekara ɗaya ta kwanta lafiya lau, gari ya waye ba ta tashi ba. Ban taɓa ba ta haƙuri ba, domin a lokacin ban ma ɗauka laifi na yi ba.

Ni nawa ya fara ne da ciwon kai duk safiya, sai hawan jini, sai gyangyaɗi a aji yara na kwafar rubutu daga allo. Sista Rifkatu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ta daɗe a Gummi, ita ke auna mini jini. Wata rana tana kwance abin awon daga hannuna ta ce, "Malama, ki tambayi maigidanki ko numfashinki na tsayawa in kina barci." Na tambayi maigidana, Malam Umaru. Ya ce ya fi shekara biyu yana gani, bai so ya kunyata ni ba ne.

Muka tafi Sakkwato. A wani babban asibiti aka kwantar da ni kwana ɗaya, aka liƙa mini wayoyi a kai da ƙirji da yatsa. Likita ya bayyana mini cewa idan barci ya yi nauyi naman maƙogwarona yakan saki ya toshe hanyar iska, jini ya rasa iskar da yake buƙata, zuciya ta yi ta wahala, jiki ya farka a firgice ba tare da na sani ba. Ya ce abin kan bi jini, ya tambaye ni ko akwai mai irinsa a gidanmu. Malam ne ya amsa masa.

Maganin wani ɗan inji ne da suke kira CPAP, bai kai girman rediyo ba, da tiyo, da takunkumin roba da ake ɗaurawa a fuska. Aikinsa ya riƙa tura iska a hankali don kada hanyar ta rufe. Da likita na bayani abin kamar wasa. Daren farko ji na yi kamar wani ya danne mini fuska da tafin hannu yana hura mini iska ta dole. Ina son fitar da numfashi, injin na mayar mini da shi. Sai in farka in tarar na fizge takunkumin na yar a ƙasa ban sani ba. Hancina ya bushe har yana jini, cikina ya cika da iska, igiyar ta bar mini shati a kumatu, ɗalibai na satar kallona. Idan aka ɗauke wuta kuwa, sai in tashi a shaƙe, har sai da ƙanena ya haɗa mini sola da batir. Ga kuma kunyar Malam. Shekara ashirin da bakwai muna tare, amma sai na ce ya juya baya kafin in ɗaura.

A mako na uku na mayar da shi kwalinsa na ɗora a kan kabad. Sista Rifkatu ta ji, ta zo har gida ranar Lahadi bayan ta taso daga coci. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa aka sauko da kwalin, ta sassauta igiyoyin da na ɗaure tamau, ta nuna mini yadda zan riƙa zuba ruwa mai tsabta a ɗan tankinsa don bushewar hanci. Ta ce, "Ki riƙa saka shi da rana kina duba littattafan yara, ko na ɗan lokaci ne. Fuskarki ba ta san shi ba tukuna." Daga baya aka canza mini takunkumi da ƙarami, mai rufe hanci kawai.

A mako na shida na kwanta bayan isha'i, ban san komai ba sai kiran sallar asuba. Kaina wasai, jikina sakayau, har mafarki na yi, abin da na manta rabona da shi. Na zauna a bakin gado na fashe da kuka, Malam ya rikice yana tambaya ko wani wuri ke ciwo. Inna nake tunawa. Ta yi wajen shekara talatin ba ta ga safiya irin wannan ba, kuma a haka ta niƙa gyaɗa, ta goya mu, ta aurar da mu.

Har yau ban ce ina jin daɗin injin nan ba. Akwai daren da iska ke zurarewa ta gefe tana hura mini ido, akwai daren zafi da nake ji kamar in jefar da shi. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta gan ni da tiyo a hanci. Na san da farko dariya za ta yi har da riƙe ciki, ta ce ɗiyarta ta zama giwa. Da an kawo mata nata kuwa, cewa za ta yi a kai wa wanda ya fi ta buƙata, ita ta saba. Amma na yi imani da ta ɗanɗana barci ɗaya cikakke, da ta kwana a gidan biki ta yi hira da 'yan uwanta har ta gaji.

Watan jiya na je Bukkuyum wajen Baba. Yanzu hanyar ba a bin ta sai da rana tsaka, shi ya sa nakan daɗe ban je ba. Baba ya haura tamanin, ido ya yi rauni. Na ajiye injin a kan tabarma na yi masa bayani kamar yadda likita ya yi mini. Ya ɗauki takunkumin yana shafawa.

Can ya ce, "Ashe ciwo ne. To ni, tun kuna ƙanana, in ta yi shirun nan sai in taɓa mata kafaɗa, ta ja numfashi. Kullum, sau nawa ban sani ba. Ita ba ta ma san ina yi ba." Ya ajiye takunkumin. "Daren da ta rasu, Gwashi munka tahi gaisuwar mutuwa, dare ya yi muna can, ta kwana gida ita ɗai. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Ni dai na san da ina nan, da na taɓa ta."

Na ce, "Baba, kwana ne ya ƙare." Ya ce ya sani. Da zan tafi ya riƙe mini hannu ya ce, "Ki riƙa sa abin ga kullum, Rabi, ko ba daɗi. Ummaru ma mutum ne, wata rana zai yi tahiya."

Abin da ya rage na Inna a duniya ba shi da yawa. Hotonta ɗaya ne, na katin zaɓe, shi ma ya dushe. Akwai mu biyar, da jikoki waɗanda rabinsu ba su san muryarta ba. Akwai tsohon da ya yi shekara talatin yana gadin numfashinta, har yau in ya farka hannunsa na lalube gefen shimfiɗa. Sai kuma sunan ciwon, da ya iso bayan ta da shekara tara. Wanda duk ke da mai irin wannan barci a gidansa, don Allah ya kai shi a duba, tun yana da wanda zai kai.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mana dariyar da muka yi, ya ba ta a kabarinta hutun da ba ta samu a ɗakinta ba.