Hoton Taguwar Kaka

Jiya maƙwabciyata, wata 'yar Nijar a nan unguwar Glenwood, a ƙasar waje, ta ɗora shayi a kan gawayi a bayan gida. Ƙamshin ya tsallako shinge, sai ga ni a gaban tantin kakata.

Kaka, wadda ta haifi mahaifiyata, daga Larabawan daji take, makiyayan raƙuma. Babana kuwa mai hoto ne a gari. Duk ƙarshen damina, idan ciyawa ta yi kore a bakin rairayi, yakan kwashe mu mu tafi zangonsu. Ya ɗauki hoton raƙuma a bakin rijiya, ya ɗauki kawunnaina suna jan guga, da mata suna kaɗa nono a salka. Kaka ce kaɗai ta gagare shi. Da ta hango kyamara sai ta ja mayafi ta juya baya. Baba bai taɓa matsa mata ba, bai kuma taɓa ɗaukarta a sace ba. Sai ya rataye kyamararsa, ya zauna ya sha shayinta.

Sai aka yi shekarar fari. Rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka yi ta faɗuwa, har da farar taguwar Kaka, raƙumar da aka yaye ni da nononta. Da muka je mun tarar Kaka ta rame, ba ci, ba magana. Baba ya zaro wani hoto daga jaka ya ajiye mata a tabarma. Taguwar ce tsaye da ɗanta, tun lokacin wadata.

Kaka ta daɗe tana shafa takardar da yatsa. Sannan ta fashe da kuka, kukan da aka ce ko ranar da dabbar ta mutu ba ta yi ba. Ranar ta ci abinci. Washegari ta ɗaura zanenta mai shuni, ta aika aka kira Baba.

"Malam, zo ka ɗauke ni," in ji ta, sannan ta nuna ni. "Yarinyar nan ta zauna a cinyata."

Ba ta ga wata daminar ba.

Yau kawunnaina duk sun zauna a gari, babu mai bin raƙumi. Ni kuma ina shirya kaya a wani sito a Wendover, hoton da Baba ya ɗauke mu ni da Kaka yana bangon falona. Kwanan baya 'yata, wadda in na yi mata Hausa take mayar mini da Turanci, ta tsaya a gabansa, ta ce da 'yar Hausarta, "Mama, goshinta irin nawa ne."

Allah ya jiƙan Baba. Da ya yi gaggawa, da bayan mayafi kawai zai bar mana.