Gwaibar Nogales

A Tucson ta ƙasar Amurka aka haifi Herminia Quiroz, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta, a nan kuma furfura ta same ta tana dafa wa 'yan firamare abincin rana. Amma tambaye ta 'yar ina ce, sai ta bugi ƙirji ta ce 'yar Meziko ce gaba da baya. Har tutar ƙasar ta rataya a madubin motarta. Abin dariya, iyakar ba ta fi tafiyar sa'a guda daga ƙofar gidanta ba, amma ba ta taɓa taka can ba. Da ƙuruciya babu hali, da ta girma babu lokaci, daga baya labaran talabijin suka cika ta da tsoro. Sifaniyancinta ma na kicin ne, wanda ta tsinta a bakin uwarta.

Uwar, Doña Casilda, ita ce ta tsallako tun tana budurwa. Yanzu ta haura tamanin, ido ya tafi, likita kuma ya riga ya ja Herminia gefe ya gaya mata abin da ba ta so ji ba. Da Kirsimeti ya ƙarato, tsohuwa ta kafe a kan abu ɗaya: ponche, abin shan nan mai zafi da ake dafawa da gwaiba da rake da kirfa.

"Ba da gwaibar kantin nan ba," in ji ta. "Wannan ai tauna auduga ce. Ta gida nake so, wadda in an shigo da ita ɗaki ba sai an faɗa ba."

Herminia ta san ba za a sake wani Kirsimeti da tsohuwa ba, don haka ta tafi wajen Ofelia Barrón. Ofelia ce ta riƙe 'yar Herminia a coci ranar baftisma, kuma tun daga ranar suka daina kiran juna da suna, sai komadre. A wajen mutanen Meziko wannan zumunci bai bar wa na jini komai ba. Ofelia kowane mako tana Nogales, garin Meziko na bakin iyaka, ta saro mayafai ta sayar a Tucson. Tana da katin da hukuma ke ba amintattun matafiya su wuce ba dogon layi, kuma katin nan shi ne jarinta.

"Haba komadre, wannan ne ya hana ki sukuni?" in ji Ofelia. "Nemi takalmi mara tsini, ran Asabar mu tafi."

Suka ajiye mota a ɓangaren Amurka, suka shiga da ƙafa ta ƙofar ƙarfe mai juyawa. Herminia ta zaci ƙasar za ta gane 'yarta. Ina! Masu kiran ciniki suka yo kanta caa da Turanci: magani, likitan haƙori, tabarau. Ta amsa musu da Sifaniyanci, suka ci gaba da Turancinsu. Abin ya sosa mata rai, ta manne wa Ofelia kamar yarinya a kasuwa. Sai da suka kai wajen mai gwaiba ƙamshin ya doke ta, ta tsaya cak, hawaye ya cika mata ido. Ashe tsohuwa ba ƙari take yi ba.

"Daga can kike, ko?" in ji mai gwaiba. "Ba za su bar ki ki wuce da ita ba fa, baiwar Allah."

"Kai dai auna mata," in ji Ofelia. "Mu muka san hanya."

Ofelia ta naɗe gwaibar a cikin sabon mayafi guda daga kayanta, ta cusa a ƙasan jakar Herminia. Jakar Herminia fa, ba tata ba.

"In sun tambaya ki ce babu. Kowa haka yake yi. Kina faɗa, a kwandon shara za ta ƙare."

"In suka gani fa, komadre?"

"Ina tsaye a bayanki, me zai same ki?"

Da yake Herminia ba ta da kati, tare suka bi layin kowa da kowa. Da aka zo kanta, ɗan kwastan, yaro ne sa'ar 'yarta, ya duba fasfo ya tambaye ta ko akwai 'ya'yan itace ko nama ko shuka a jakar. Matar da ba ta taɓa yi wa hukuma ƙarya ba ta ce babu. Ba ta rufe baki ba ƙaramin karen da ke shinshina kaya ya zo ya zauna a gindin jakarta.

Aka warware mayafi, ƙamshi ya cika wurin.

"Mama, da kin faɗa, karɓa kawai za mu yi," in ji yaron. "Yanzu kuma sai kin biya tara."

Sai ya dubi mayafin, ya dubi ƙunshin irinsa a hannun Ofelia.

"Tare kuke?"

"A'a," in ji Ofelia, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "A layi na gan ta."

Aka wuce da Herminia wani ƙaramin ɗaki. Ta biya tara, tana kallo aka juye gwaibar uwarta a kwando. Da ta fito ta tarar da Ofelia a mota, har ta tayar da inji.

"Ki fahimce ni, komadre. In suka ƙwace katina, da me zan ci?"

Herminia ta fahimta sarai, kuma wannan ne ya fi ci mata rai. Da Ofelia ta yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, da ita Herminia da bakinta za ta ce ba tare suke ba. Ta shiga mota, suka kama hanyar Tucson.

Ranar jajibirin Kirsimeti ta sayo gwaibar kanti ta dafa ponche. Ba ta gaya wa tsohuwa komai ba, da wane baki? Ofelia ta zo kamar yadda ta saba kowace shekara, ta zauna a gefen kujera tana sunkuyar da kai. Doña Casilda ta kurɓa, ta lumshe ido.

"Kun ji ta gida," in ji ta. "Ina Ofelia? Matso nan, 'yata."

Ta lalubo kan Ofelia da hannu biyu ta riƙe.

"Ke kika kai mini yarinyar nan ƙasarmu, kika tsaya mata har kika dawo da ita lafiya. Yadda kika yi mata, Allah ya yi miki. Herminia, ba ki ce amin ba."

Herminia tana riƙe da ludayi, ta dubi Ofelia ido cikin ido.

"Amin, Mama," in ji ta.